Rumfar Tsakar Gida: A Fara Daga Ƙasa



Kaka ta yi. An ɗaure damman hatsi, an kai aya da riɗi da wake kasuwa, 'yan cirani sun fara aiko da abin da ya samu. Daga Gazawa zuwa Gangara, daga Agye zuwa Cadawa, har can Tibiri da Gidan Rumji, yanzu ne magidanci yake tsayawa a tsakar gidansa, ya riƙe ƙugu, ya ce bana sai an yi rumfa. Ba irin ta kara da zana da ake sabuntawa duk shekara ba. Ta kwano yake nufi, mai ƙafafun ƙarfe da daɓen siminti, a rataya mata ƙwan lantarki, a gefe kuma a yi wa uwargida wurin girki.

Niyya ce mai kyau, kuma ina bayanta. A ƙasarmu ɗaki wurin ajiya ne da fakewa. Zaman gida a tsakar gida ake yinsa. A nan ake daka, a nan ake tsefe kai, a nan yara suke biya allo, a nan ake shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, idan bazara ta kama kuma a nan ake kwana. Wanda ya kashe kuɗi ya inganta wannan wuri bai yi almubazzaranci ba.

Inda nake da magana shi ne ta inda muke farawa. Yawancinmu daga sama muke fara lissafi: fallen kwano nawa, ƙarfe nawa, nawa mai walda zai karɓa. Tambayar da ta kamata ta riga waɗannan duka, wato ina ruwan sama zai bi idan ya sauko daga wannan kwano, sai an ga hadari ya haɗo a gabas ake tunawa da ita.

Mu ɗan yi lissafi tare, ba mai wuya ba ne. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, ya sha lita 1. To ka ɗauki rumfa mai mita 5 da mita 4, murabba'in mita 20 ke nan. Ranar da aka yi ruwa milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 800 ce za ta sauko daga wannan rumfa, cikin tano huɗu mai lita 200. A da, kafin ka rufe wurin, yashin tsakar gida ne yake shanye rabonsa a hankali, ko'ina da nasa. Yanzu ka tattara shi duka, ka zubo shi a layi ɗaya, a bakin kwano. Idan wannan layin ya dace da gindin katangar ƙasa, ko taka ko ta maƙwabci, to ka ɗauko wa kanka aiki.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. A ranar 30 ga Agusta, ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka 15. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Zinder, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. A ƙididdigar da hukuma ta bayar a farkon Satumba, cikin mutum 273 da suka rasu a faɗin ƙasa, 152 gini ne ya faɗa musu. Sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Kafin damina ta ƙare adadin ya kusa 400, waɗanda abin ya shafa suka haura miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun zama masauki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ba ina cewa gyaran tsakar gida zai tare irin wannan ruwa ba. Wancan ya fi ƙarfin magidanci ɗaya. Amma duk wanda ya zagaya unguwanni bayan an ɗauke ruwa ya ga yadda ginin ƙasa yake mutuwa. Ba daga sama yake farawa ba. Ruwa ne yake kwanciya a gindinsa kwana biyu, kwana uku, ƙasa ta tsotsa, danshi ya hau kamu ɗaya ko biyu, gindin ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa, cikin dare ya durƙushe. Katanga biyu a lungu ɗaya, magini ɗaya, shekara ɗaya, sai ka ga ɗaya ta faɗi ɗaya tana tsaye. Ka duba ƙasa, za ka ga wadda ta tsira tana da ɗan tudu a gindinta, ruwa yana gudu daga wajenta.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijon magini a wani gida da ake shirin yin rumfa. An riga an sauke ƙarfe, mai walda yana jira, shi kuwa ko kallon ƙarfen bai yi ba. Ya sa yaronsa ya cika wani siririn tiyo mai haske da ruwa, yaro ya riƙe baki ɗaya a ƙofar ɗaki, shi ya ja ɗaya bakin zuwa rariyar da ke fitar da ruwa waje. Ya durƙusa, ya jira ruwan cikin tiyo ya daina rawa, ya zana alama da gawayi a bango, ya auna da ɗan karansa. Maigidan ya ƙosa, ya ce, "Baba, rana tana yi, mai walda na jira." Dattijo ya ce, "Maigida, lungun nan ya fi tsakar gidanka tudu da yatsa huɗu. In na yi maka daɓe a haka, ruwan titi ne zai shigo maka, ba naka ne zai fita ba." Ranar ba a kafa ƙarfe ko ɗaya ba. Amalanke aka kira, aka yi ta jido ƙasa.

Abin da dattijon nan ya gano ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni. Iska tana tara yashi a lungu, kowa yana cika ƙofar gidansa, katangar da ta zube ana baje ta a hanya, shekara da shekaru lungu yana hawa, tsakar gida tana nan inda kakanni suka bar ta. Saboda haka aikin farko shi ne awo, kuma tiyon da ake yinsa da shi bai kai kuɗin falle ɗaya na kwano ba. Ɗaki ya fi rumfa tudu, rumfa ta fi tsakar gida tudu da kamar santimita 15 zuwa 20, tsakar gida ta fi lungu. Daɓen kansa kada a yi shi a miƙe sak. A karkata shi kamar santimita 2 a kowace mita, ya juya wa bangon ɗaki baya. Kafin ka sallami magini, ka ɗauki bokitin ruwa ka watsa a kan daɓen, ka tsaya ka ga inda ya nufa. Idan ya kwanta a tsakiya ko ya koma ƙofar ɗaki, aiki bai ƙare ba. Tun ran gini ran zane.

Sai bakin kwano. A sa masa mazurari da zai tattara ruwan ya kai shi wuri ɗaya, a ajiye tano a ƙarƙashi. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsaye, na bayansa ya isa wanki da wanke-wanke da shayar da dabbobi, ya rage wa 'yan mata zaryar famfo. Amma a rufe tanon. Abin da ya yi saura, a nan ƙasarmu ta yi mana gata: mafi yawan garuruwan Gazawa da Agye a kan jigawa suke, yashi ne mai shan ruwa. A haƙa rami kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a cika shi da duwatsu da fasassun bulo, a rufe samansa, a bi da ruwan can. A nisanta shi daga bango da aƙalla mita 3, a nisanta shi sosai daga rijiya. Mutanen bakin gulbi kuwa, irin na wajen Tibiri da Gidan Rumji da ke kan Gulbin Maraɗi, inda ƙasa take da laka kuma ruwan ƙasa yake kusa, rami ba zai yi musu wannan aiki ba. Su tudu da hanyar fita ne maganinsu.

Hanyar fita kuma ita ce ta kawo mu ga maƙwabci. Ruwan da ka kora ta rariya bai ɓace ba, wani wuri ya tafi. Masu unguwa da masu gari sun san irin ƙarar da take cika ƙofarsu a watan Agusta: wane ya toshe hanyar ruwa, wane ya juyo da indararonsa kan katangata, wane ya cika ƙofarsa ruwa ya dawo mana. Mutanen da suke sallah a sahu ɗaya sai su yi wata ba sa gaisawa. Alhali da an kira maƙwabci tun ranar awo, an ce masa, "Malam, zo ka ga inda nake son bi da ruwa," da an kashe wutar tun ba ta kama ba. Haƙƙin maƙwabtaka da malamai suke yi mana wa'azi a kai, har bakin rariya ya kai. Ina kuma kira ga ma'aikatun magajin gari na Gazawa da Agye da Gidan Rumji: lokacin da ake yanka filaye a sababbin unguwanni, a fitar da hanyar ruwa tun kafin a raba takardu, kuma a daina ba mutane fili a inda tsofaffin gari suka san tafki ne.

Ruwan wanke-wanke daban yake da ruwan sama, kada a haɗa su. Shi kullum ne, rani da damina, ga maiƙo ga guntun tuwo. Shi ne yake zama baƙin gologon da ke bin lungu yana wari. A yi masa ɗan gurbin siminti mai matacin waya da zai tare ƙazanta, a bi da shi ƙaramin raminsa, ko a kai shi gindin zogale ko gwanda su sha. Kowane ruwan da ya kwanta gidan haihuwar sauro ne, kuma a zafin damina kwana goma sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Wanda yake kawo zazzaɓi ma ya fi son ɗan tsabtataccen ruwan sama da ya kwanta a rana, irin na sawun amalanke da kwarin tsakar gida. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida duk wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi. Bai dace su yi nasu ba, mu kuma mu ajiye wa sauro masauki a taku biyar daga inda yaran suke kwana. Tun da a rumfar za a riƙa kwana, a ce wa mai walda ya maƙala 'yan ƙugiyoyi a jikin ƙarfe inda za a ɗaura sange.

Yanzu mu zo wurin girki, kuma a nan ina roƙon 'yan'uwana maza su saurara da kyau. Wadda za ta yi shekaru a gaban wannan murhu ita ya kamata ta nuna inda za a kafa shi. Sau da yawa sai an gama komai, an sa kujerar maigida a inda iska ta fi kaɗawa, sannan a nuna wa uwargida wani saƙo a bayan rumfa a ce ga naki. Ita ce ta san ta ina hayaƙi yake bi da safe, ta ina feshin ruwa yake shigowa, taku nawa ne daga randa zuwa tukunya. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa idan hadari ya taso ana tsakiyar tuƙa tuwo: a kwashe garwashi a kasko a ruga ɗaki, a rufe ƙofa saboda iska, a ƙarasa girkin da ɗanyen itace, uwa tana hawaye, goyon da ke bayanta yana tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Madafa mai rufi, wadda iska take ratsawa, magani ce tun kafin a je likita.

Hadarinmu daga gabas yake zuwa, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kauri da yaɓe. To a yi wa madafa bango ta gabas, sauran ɓangarorin a tsaya a ƙugu, a bar sama a buɗe hayaƙi ya fita. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Idan aka ajiye murhu a kan wannan layi, rabin shekara hayaƙi yana cikin rumfa. A kauce masa gefe. A ɗaga wurin itace daga ƙasa don ya kwana a bushe. A nisanta wuta daga zana da rumbu da tarin harawa, domin gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa. A kuma yi wa murhun 'yar katanga da za ta tare mai rarrafe. Ƙunar tafasasshen ruwa tabo ne na har abada.

Murhu mai duwatsu uku yana ɓarnar itace, wannan kowa ya sani. Tun shekarun 1980 ake yaɗa murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka, kuma na lakan mace da kanta za ta iya gina shi. Masu hali sun koma gas tun bayan da matatar man Zinder ta fara aiki a 2011. Mai tukunyar gas ya ajiye ta a tsaye, a inuwa, nesa da garwashi, ya riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya ga kumfa tana tashi, akwai yoyo.

Maganar itace ta tuna mini da abin da yankinmu ya yi suna da shi. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona a riƙa yi masa aski maimakon a ƙone shi, a jihar Maraɗi ya samo tushe a farkon shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yake aiki da manoma. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye har daga ƙasashen waje ake zuwa ganin yadda suka yi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Zinder. Mutanen da suka mayar da gawo da kalgo da sabara gonakinsu, bai kamata su sare dogon yaron tsakar gida don a sami filin kwano ba. Inuwar itace ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba. A matsar da rumfar, a bar itacen. Wanda kuma ƙarfinsa bai kai ƙarfe ba, kada ya ji kunya: dirka mai kyau, a babbaka gindinta a shafe da baƙin mai saboda gara, a rufa da zanar gamba, tana shekaru, kuma duk abin da na faɗa kan tudu da hanyar ruwa ya hau kanta.

Mai kwano ya sani cewa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kwano maras tsawo gasa mutum yake yi. A ɗaga shi ya kusa mita 3, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa, a bar tazara iska ta ratsa. Kuma guguwar da take riga ruwa ba danna rufi take yi ba, ta ƙasa take shiga ta ɗaga shi. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa a sama ba su isa ba. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, su da kwanon duka kan mutane za su sauko. A binne ƙafafun ƙarfe cikin kankare kamar rabin mita, a ɗaure rufin da ƙafafun ɗauri na gaske. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a Oktoban 2024 bayan ambaliya. Buhu biyun da za a zuba a gindin ƙafafu ba su ne za su karya mutum ba.

Fitila ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ta fi burge ido. Mu mutanen Gazawa mun san babbar wayar lantarki mai kilobolt 132 da ta taso daga Katsina. A nan take sauka kafin ta rabu, reshe ɗaya ya yi Maraɗi, ɗaya ya yi Zinder. Mun kuma ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wuta, aka yi watanni ana fama har zuwa Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa ma da suke hango turakun wayar ba su taɓa ganin wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ba. Don haka sola ta zama abin kowa, kuma rumfa ba ta bukatar da yawa. Ƙwai uku na zamani masu wat 5, su yi awa biyar suna ci, wat-awa 75 ke nan a dare. Farantin sola mai wat 50 yana tara fiye da ninkin haka a yini, har a yi cajin waya. Sharaɗin shi ne a riƙa goge masa ƙura, musamman da hunturu, kuma batir ya zauna a inuwa, ba a ƙarƙashin kwano mai zafi ko kusa da murhu ba, don zafi ne yake cinye kwanansa.

Wayar wuta kuwa a zura ta cikin bututun roba. Wannan ɗabi'a ta murɗa waya biyu a naɗe da leda a rataya a jikin zana ta ƙone gidaje da yawa. Wanda ya jawo wutar NIGELEC ya kira ma'aikacin da ya san aikinsa, domin waya mai rauni idan ta taɓa ƙafar ƙarfe a ranar ruwa, yaron da ya dafa ƙarfen ne zai fara sani. Makunni ya zauna inda feshi ba ya kaiwa.

Sai inda za a rataya ƙwan. Ɗaya a saman murhu, ta yadda mai girki za ta ga cikin tukunyarta ba tare da ta cije tocila a baki ba. Ɗaya a hanyar bayan gida, saboda kunama da maciji da tsofaffin da idonsu ya yi rauni. Na ukun a cikin rumfa, a sauko da shi daidai inda yara suke buɗe littafi, amma a ɗan kauce wa inda ake ajiye akushi, don ƙwari suna bin haske. Ƙwai mai haske ja-ja ya fi fari fat ƙarancin tara su.

Wanda kuɗinsa ba za su kai duka a bana ba, ya yi cikon ƙasa da daɓe da ramin ruwa da madafa tun yanzu da rani, lokacin da amalanke yake samun hanya kuma magina ba su tafi gona ba. Kwano da sola su jira kaka mai zuwa.